Zauren Tambayoyi: Su Wa Suka Ɓoye Yahudawa a Zamanin Hitila?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato mutanen da suka sa wuyansu a kan wuƙa don su ceci Yahudawa daga hannun 'yan Nazi, wato mabiya Hitila na Jamus, a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar tarihi ce daga Sakkwato. Duk sanda aka zo labarin waɗanda suka ceci Yahudawa daga kisan kiyashi, sunayen Turawa Kiristoci kawai muke ji. Shin babu Musulmi ko ɗaya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai su, kuma labarin wasu daga cikinsu ya fi na waɗanda ake yawan ambata ɗaukar hankali. Abin da ya sa ba su da yawa a lissafi shi ne yawancin kisan ya gudana ne a tsakiya da gabashin Turai, inda Musulmi ba su da yawa. Amma a wuraren da Musulmi da Yahudawa suka yi zaman maƙwabtaka, kamar Bosniya da Albaniya da Tunisiya, an samu waɗanda suka buɗe ƙofa.

Bari in fara da gidan da na fi so in ba ɗalibai labarinsa, gidan Hardaga a Sarayebo. A watan Afrilu na 1941 jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, gidan wani Bayahude mai suna Josef Kabiljo ya rushe. Abokinsa Mustafa Hardaga, Musulmi mai riƙo da al'ada, ya kwashe shi da iyalinsa ya kai su gidansa. Matan gidan Hardaga, wato Zejneba matar Mustafa da facalarta, mata ne masu rufe fuska a gaban duk namijin da ba muharrami ba. Da Josef ya shigo, sai suka daina rufewa a gabansa, don a nuna masa cewa ya zama ɗan gida. Duk wanda ya tashi a gidan kulle ya san nauyin wannan. Kuma ki sani, ofishin Gestapo, 'yan sandan ciki na Hitila, yana fuskantar gidan ne, an kuma liƙa sanarwa a bangon unguwa cewa duk wanda aka kama yana ɓoye Bayahude kisa ne hukuncinsa.

Josef ya samu ya tura matarsa da 'ya'yansa Mostar, inda sojan Italiya ke riƙe da gari kuma abin bai yi tsanani ba. Shi kuwa aka kama shi, aka sa masa mari a ƙafa, aka sa shi share ƙanƙara a titi tare da sauran fursunoni. Zejneba ta gan shi a haka, ta dinga kai abinci, nasa da na waɗanda ke ɗaure tare da shi. Da ya tsere, gidan Hardaga ya sake komawa, suka yi jinyarsa. Mahaifin Zejneba kuwa, Ahmed Sadik, ya ɓoye wani iyalin Yahudawa daban, aka gano, aka kai shi sansanin Jasenovac, can aka kashe shi.

Labarin bai tsaya nan ba. Bayan shekara hamsin, Sarayebo ta sake shiga yaƙi, wannan karon Musulmin Bosniya ne aka kewaye ana yi wa luguden wuta. A 1994 zuriyar Kabiljo, waɗanda tuni suka koma Isra'ila, suka yi ta faɗi-tashi har aka fitar da Zejneba, tsohuwa tukuf, da 'yarta da surukinta da jikarta daga cikin birnin zuwa Isra'ila. A can ta rasu cikin shekarar.

A wannan birnin dai akwai Malam Derviš Korkut, mai kula da ɗakin littattafai na gidan tarihi. Da wani hafsan Jamus ya zo neman wani tsohon littafin ibada na Yahudawa, rubutun hannu mai shekaru ɗaruruwa, Korkut ya fitar da shi a ɓoye, aka adana shi a wani ƙauyen Musulmi har yaƙi ya ƙare. Littafin yana nan har yau a Sarayebo. Ya kuma kawo wata budurwa Bayahudiya, Mira Papo, gidansa, shi da matarsa Servet suka sa mata lulluɓi, suka ce wa maƙwabta 'yar aiki ce Musulma.

Sai Albaniya, wadda ita ce abin mamakin duk Turai. Kafin yaƙi Yahudawan ƙasar ba su wuce 200 ba. Da yaƙi ya ƙare sun kusa 2,000, domin masu gudu daga Yugoslabiya da Girka da Ostiriya da Jamus nan suka faɗa, aka karɓe su. Mutanen Albaniya suna da tsohuwar ƙa'ida da suke kira besa: in ka karɓi baƙo, ka ɗauki amanar ransa, kuma abin kunya ne da zai bi zuriyarka in ka miƙa shi. Jamus ta mamaye ƙasar a Satumba 1943, ta nemi jerin sunayen Yahudawa, hukumomi suka ƙi bayarwa. Wani yaro ɗan shekara 17, Refik Veseli, yana koyon ɗaukar hoto a Tirana a shagon da wani Bayahude ɗan gudun hijira, Moshe Mandil, yake aiki. Yaron ya je ya nemi izinin iyayensa, Vesel da Fatima, aka ɗauki iyalin Mandil aka hau da su garin Kruja a kan duwatsu. Manya suka ɓuya, yara biyu kuma aka sa musu kayan ƙauye suka saje da yaran gida, har Nuwamba 1944. Bayan yaƙi Refik ya bi maigidansa zuwa Novi Sad ya ƙarasa koyon sana'a a hannunsa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Dakta Muhammad Hilmi, Bamisire haifaffen Hartum a 1901. Ya tafi Berlin karatun likita a 1922 ya zauna can. 'Yan Nazi ba su ɗauke shi cikakken mutum ba shi ma: sun kore shi daga asibitin gwamnati, sun hana shi auren Bajamushiyar da yake nema, sun tsare shi a 1939. Da aka sake shi, a maimakon ya kama kansa, sai ya ɗauki 'yar wata majinyaciyarsa, Anna Boros, ya ɓoye ta tun daga 1942 har ƙarshen yaƙi. Ya ɗaura mata ɗankwali, ya raɗa mata suna Nadiya, ya ce 'yar ɗan'uwansa ce, wani lokaci tana taya shi aiki a ɗakin duba marasa lafiya, wani lokaci tana ɓoye a wata bukkarsa a unguwar Buch. Ya samo mata takardar shaidar musulunta da takardar aure da wani Bamisire. Uwarta da mijin uwarta da kakarta duk sun tsira da taimakonsa. A tsakiyar Berlin fa ake maganar nan, fadar Hitila.

Amma kada ki ɗauki wannan amsa ki tafi aji da ita a matsayin cewa Musulmi duk sun fita kunya. Muftin Ƙudus, Alhaji Amin al-Husaini, ya zauna da Hitila a Nuwamba 1941, ya kuma yi wa 'yan Nazi farfaganda a rediyo. An kafa wata runduna ta Musulmin Bosniya a cikin SS, dakarun jam'iyyar Nazi, a 1943. A Kosobo, wata runduna ta 'yan Albaniya ta kama Yahudawan Firishtina a 1944 ta miƙa su. Mai karatun tarihi dole ya riƙe duka biyun, in ba haka ba ya zama maroƙi.

Tambaya: Malam, da girmamawa, ni wannan magana ba ta kwanta mini ba. Muna kallon abin da ake yi wa Falasɗinawa a Gaza, gidaje da asibitoci da yara ƙanana. A irin wannan lokaci ne za ka zo kana yabon waɗanda suka ceci Yahudawa? Kuma wa ya ƙirga Yahudawa miliyan shida ɗin da ake faɗa an kashe? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, na ji ɗacin da ke cikin wasiƙarka, kuma ba zan ce maka ka haɗiye shi ba. Abin da ake yi a Gaza zalunci ne, na faɗa a wannan shafi, zan kuma sake faɗa. Korar Falasɗinawa kimanin 700,000 daga gidajensu a 1948 ita ma gaskiya ce da ba ta goguwa.

To amma mu duba kwanan wata. An kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Yarinyar da ta ƙwanƙwasa ƙofar Dakta Hilmi ta yi haka ne a 1942. Ba ta da ƙasa, ba ta da soja, ba ta ƙwace gonar kowa ba. Laifinta a wurin masu nemanta shi ne jinin da ta gada, domin dokar 'yan Nazi kakanni take dubawa, ko da mutum ya bar addinin. Yara kimanin miliyan 1 da rabi aka kashe a kan wannan. In ka ce bai kamata a buɗe mata ƙofa ba saboda abin da wata gwamnati za ta aikata bayan shekara tamanin, to ka ɗauki hujjar mai jefa bam a kan unguwa guda saboda laifin mutum goma. Ita ce hujjar da kake kuka da ita.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu da sai Bature ya koya mana. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo daga Ɗa'ifa, jina-jina, bai shiga Makka ba sai a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bin Adiyyi, wanda mushiriki ne, kuma a kan shirka ya mutu. Muɗ'im da 'ya'yansa suka ɗaura makamai suka raka shi har Ka'aba. Bayan yaƙin Badar, Annabi ya tuna da shi, ya ce da Muɗ'im na raye ya yi masa magana a kan fursunonin nan, da ya sakar masa su. Sahabban farko Najjashi, sarkin Habasha Kirista, ya ba mafaka, ya kuma ƙi miƙa su ga manzannin Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da suka zo da su. Mu al'umma ce da aka taɓa ɓoyewa, Alhaji. A Suratut Tauba an umarci Annabi cewa in mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, sannan a kai shi inda zai aminta. A Ma'ida kuma an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci.

Batun ƙirga kuwa, su masu kisan ne suka fara ƙirgawa. Jamusawa mutane ne masu son takarda. Sun bar jadawalin jiragen ƙasa, da rahotannin rundunonin harbi da ke aika adadin waɗanda suka kashe gari-gari a Lituweniya da Yukren, da bayanin taron manyan jami'an Nazi a Wannsee na Janairu 1942 inda aka jera yawan Yahudawan kowace ƙasa. An gabatar da irin waɗannan takardu a shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946. Kwamandan sansanin kisa na Auschwitz, Rudolf Höss, ya ba da shaida da bakinsa. Ga kuma ƙidayar jama'a ta kafin yaƙi da ta bayansa: Folan tana da Yahudawa sama da miliyan 3, kusan miliyan 3 suka hallaka. An tattara sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya har sama da miliyan 4 da rabi. Musun wannan bai taɓa mayar wa Bafalasɗine ko taki ɗaya na gonarsa ba, sai dai ya ba abokin hamayyarsa damar cewa ga irin mutanen da ke goyon bayansa.

Iyalan Dakta Hilmi a Alƙahira ma sun yi irin tunaninka. Da aka karrama shi a 2013 sun ƙi karɓar lambar saboda daga Isra'ila ta fito. Sai a 2017 wani jikan ɗan'uwansa, shi ma likita, ya karɓa, a Berlin. Na fahimci waɗanda suka ƙi, na fahimci wanda ya karɓa. Abin da ba wanda ya yi a cikinsu shi ne cewa kakansu ya yi kuskure da ya ɓoye yarinyar.

Tambaya: Malam, abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in har mutanen kirki suna nan, me ya hana su yi yawa? Ɓoye mutum a ɗaki ai ba wani abu ba ne mai wuya. Daga wani malamin firamare a Kumasi.

Amsa: Malam, ɓoye mutum na kwana ɗaya ba wuya. Na shekara biyu ko uku ake magana.

Fara da ciki. A lokacin abinci da kati ake sayensa, kowane gida da adadin bakunan da aka rubuta masa. In ka ƙara mutum huɗu a ɗaka, ko dai ku raba ɗan abin da ke akwai, ko ka shiga kasuwar bayan fage, wadda ita ma laifi ce. Mai sayar da burodi zai lura ka ƙara yawan abin da kake saye. Maƙwabciya za ta ga shanya ta yi yawa a igiya. Wanda ke ɓoye ba zai yi tari da rana ba, ba zai taka ƙasa da takalmi ba, bahaya sai a bokiti a fitar da dare. In ya yi ciwo, wane likita za ka kira? In ya mutu, ina za ka kai gawa? Ga ɗanka ɗan shekara biyar da dole ka koya masa ƙarya, ka kuma yi fatan ba zai suɓuce a wurin wasa ba.

Sannan hukunci. A Folan, gwamnan da Jamus ta naɗa, Hans Frank, ya sa hannu a doka ranar 15 ga Oktoba 1941 cewa kisa ne ga duk wanda ya ba Bayahude mafaka. A aikace ba mai gidan kaɗai ake kashewa ba. A ƙauyen Markowa, wani manomi mai suna Józef Ulma da matarsa Wiktoria sun ɓoye Yahudawa 8 a saman ɗakinsu. Wani ya kai rahoto. Da asubar 24 ga Maris 1944 'yan sandan Jamus suka zo, suka harbe baƙin, suka harbe Józef da Wiktoria, wadda ke da tsohon ciki, sannan suka harbe 'ya'yansu 6, babbar cikinsu ba ta cika shekara 8 ba. A gaban wasu mutanen yankin aka yi, don ya zama gargaɗi. Ka tambayi kanka, kai mai 'ya'ya, washegari da za ka iya ci gaba da riƙe naka baƙin? Akwai gidaje a Markowa da suka ci gaba, Yahudawa kusan 20 suka tsira a ƙauyen. Ni dai ba na saurin zagin wanda ya ji tsoro. Wanda nake zagi shi ne wanda ya kai rahoto. A Holan har lada ake biya a kan kowane kai, gilda 7 da rabi na kuɗin ƙasar a 1943, kuma an samu waɗanda suka mai da farautar mutane sana'a. Cikin Yahudawan Holan kimanin 140,000, sama da 100,000 aka kashe.

Inda abin ya yi nasara sosai, za ka tarar ba mutum ɗaya ba ne, gari ne ya haɗa baki. A Denmak, wani jami'in ofishin jakadancin Jamus, Georg Duckwitz, ya tsegunta cewa za a yi kame a farkon Oktoba 1943. Cikin 'yan makonni masunta suka tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Suwidin a cikin jiragen kamun kifi, asibitoci suka kwantar da masu gudu da sunayen ƙarya, 'yan sandan ƙasar suka kau da kai. Waɗanda aka kama ba su kai 500 ba. Amma Denmak ta yi sa'a ta fuska biyu: mashigin ruwan siriri ne, kuma Suwidin ta ce a kawo su. Bayahuden Folan ba shi da Suwidin.

A Warso, babban birnin Folan, ma ƙungiya ce, Żegota, wadda aka kafa a ƙarshen 1942. A cikinta ne Irena Sendler take, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke da izinin shiga unguwar da aka killace Yahudawa da sunan duba annobar zazzaɓi. Ita da abokan aikinta sun dinga fitar da yara, wani a motar asibiti, wani a akwatin kayan aiki, ana rarraba su gidajen mutane da gidajen marayu na coci. Ta rubuta sunan kowane yaro na asali da sabon sunansa, don wata rana a mayar da shi ga danginsa. Gestapo ta kama ta a Oktoba 1943, aka karya mata ƙafafu, ba ta faɗi suna ko ɗaya ba. Cin hanci ƙungiyar ta ba masu gadi aka sake ta a ranar da za a harbe ta. Bayan yaƙi aka tono sunayen, sai dai yawancin iyayen sun riga sun ƙare a sansanin kisa na Treblinka.

Tambaya: Malam, su waɗannan mutane waliyyai ne, ko akwai abin da suka samu? Kuma wa ke tantance wanda ya cancanci yabo? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Garwa.

Amsa: Hajiya, ba waliyyai ba ne. Oskar Schindler, wanda ya fi kowa suna, ɗan jam'iyyar Nazi ne mai kati, mashayi, mai neman mata, kuma neman kuɗi ya kai shi Krakow ta Folan, inda ya samu masana'anta da ma'aikata Yahudawa masu arha. A hankali ya juya, ya ƙarar da dukiyar a kan cin hancin hafsoshi da sayen abinci, ya fitar da mutum kusan 1,200 da rai. Bayan yaƙi duk sana'ar da ya taɓa sai ta karye, waɗanda ya ceta su suka riƙa tallafa masa har ya mutu a 1974.

Abin da na lura da shi shi ne kowa da kayan sana'arsa ya yi aikin. Likita da takardar asibiti, masunci da jirginsa, manomi da rumbunsa, ma'aikacin ofis da hatiminsa. Chiune Sugihara, ƙaramin jakadan Jafan a Kaunas ta Lituweniya, ya rubuta biza sama da 2,000 da hannunsa a watannin Yuli da Agusta 1940, bayan Tokiyo ta ƙi ba shi izini. Aristides de Sousa Mendes, ƙaramin jakadan Fotugal a Bordeaux ta Faransa, ya yi haka a Yuni 1940, gwamnatin ƙasarsa ta kore shi daga aiki, ya mutu a 1954 cikin talauci. Selahattin Ülkümen, ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rodos, ya tsaya a gaban kwamandan Jamus a Yuli 1944 ya ce waɗannan 'yan ƙasarsa ne, har da matansu da 'ya'yansu, ya ƙwace mutum kusan 50. Sauran, kimanin 1,700, aka kai su Auschwitz. Raoul Wallenberg na Suwidin ya raba takardun kariya ga dubbai a Budafes, sojan Rasha suka kama shi a Janairu 1945, bai sake fitowa ba. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san yawan ƙofofin da farar riga ke buɗewa ba tare da an yi tambaya ba.

Masu tantancewa kuwa cibiyar Yad Vashem ce a Birnin Ƙudus. Tun 1963 take da kwamiti ƙarƙashin alƙalin kotun ƙoli, wanda ke duba shaidar waɗanda aka ceta. Sharuɗɗan su ne mutum ya kasance ba Bayahude ba, ya jefa ransa ko 'yancinsa cikin haɗari, kuma ba don kuɗi ya yi ba. Waɗanda suka samu shiga sun kai kimanin 28,000, Folan ce kan gaba da sama da 7,000, sai Holan, sai Faransa.

Ina da ƙorafi a kan ma'aunin. Khalid Abdulwahab, ɗan masu hali a Mahdiyya ta Tunisiya, ya ji wani hafsan Jamus yana shirin yi wa wata Bayahudiya fyaɗe, ya je da dare ya kwashe ta da danginta, mutum sama da 20, ya kai su gonarsa, suka zauna har Jamus ta fita daga Tunisiya a 1943. An gabatar da sunansa a 2007, kwamitin ya ƙi, bisa hujjar cewa a Tunisiya ba a sa hukuncin kisa a kan haka ba, don haka ransa bai shiga haɗari ba. A ganina an matse ma'aunin. Mutumin da ya shiga tsakanin soja mai bindiga da matar da yake so, ba sai an nuna masa doka a rubuce ba kafin a ce ya yi kasada. Haka Si Ƙaddur bin Gabriɗ, shugaban babban masallacin Faris, wanda aka ruwaito ya ba wasu Yahudawan Arewacin Afirka takardun shaidar Musulunci: masana sun saɓa ƙwarai a kan yawan waɗanda ya ceta, kuma shi ma ba ya cikin jerin. Duk wanda waɗanda ya ɓoye suka mutu tare da shi, ba wanda ya rage da zai ba da shaida, shi ma da wuya ya shiga.

Tambaya: Malam, limamin nan na Filato da ya ɓoye Kiristoci a masallaci, za a iya sa shi a sahun waɗannan? Daga wani matashi a Bukuru.

Amsa: Ɗana, a jerin Yad Vashem a'a, domin wancan na zamanin 'yan Nazi ne kawai. A irin aikin kuwa, ƙwarai. Ranar 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo da ya haura tamanin, ya shigar da mata gidansa, maza kuma masallaci, mutum 262 aka lissafa, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom. Da maharan suka iso, ya fito ya tsaya a ƙofa, ya ƙi ba su hanya, ya roƙe su, har ya ce su fara da shi.

Akwai bambanci da ya kamata ka riƙe. Liman ya fuskanci 'yan bindiga na yini guda, kuma doka tana bayansa ko da jami'anta ba su iso da wuri ba. Su Hardaga da su Ulma gwamnati ce da kanta take farautar baƙinsu, da 'yan sandanta da kotunanta da jiragen ƙasanta, shekara da shekaru. Wannan bai rage wa dattijon komai ba, domin harsashin yini ɗaya ma kisa yake yi, kuma a lokacin da ya tsaya a ƙofar bai san ko za su saurare shi ba. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta 'yancin addini a Yuli 2019, gwamnatin Najeriya ma ta karrama shi daga baya.